Sauran wuri nawa ne a kwamfutarka? Kwatancen hanyoyin awo da wadda ta dace da kowace buƙata

Laftof ɗaya, rumbun ajiya ɗaya, amma lambobi uku. Kwali ya ce 512 GB, Windows ta ce 476 GB, in kuma aka tara girman foldodi aka cire daga ciki, sai a samu wata lamba da ba ta yi daidai da ko ɗaya ba. Irin wannan ne ke jawo gardama tsakanin mai saye da mai shago a wuraren sayar da kwamfuta irin su Banex da Emab a Wuse 2 ta Abuja, shi ne kuma ke sa mai haɗa bidiyon biki ya saka aiki ya kwanta, da safe ya tarar ya tsaya a rabi saboda wuri ya ƙare.

Tambayar "sauran wuri nawa ne" tambayoyi uku ne a dunƙule. Girman rumbun na ainihi nawa ne? Bayit nawa za a iya rubutawa a kansa yanzu-yanzu? Me ya cinye sauran? Kowace da kayan awonta, kuma yawancin kuskuren da muke gani daga amsa wannan tambaya da kayan awon waccan yake fitowa.

Mudu biyu, hatsi ɗaya

Kamfanonin da ke ƙera rumbu da filash suna lissafi da dubu: gigabait ɗaya a wurinsu bayit 1,000,000,000 ne. Windows kuwa da 1,024 take rabawa har sau uku, don haka nata gigabait ɗin bayit 1,073,741,824 ne, amma ita ma GB take rubutawa. Kamar buhun masara ɗaya ne aka auna da ƙaramin mudu, aka sake aunawa da babba: adadin mudu ya ragu, masarar tana nan yadda take. Shi ya sa rumbun 128 GB ke fitowa 119, na 256 ya fito 238, na 500 ya fito 465, na 512 ya fito 476, na 1 TB ya fito 931, na 2 TB kuma ya fito 1.81 ko 1.82 TB. Duk mai saye ya riƙe waɗannan lambobi. In ya ga 238 a laftof ɗin da aka ce masa 256 ce, ba a cuce shi ba. In ya ga 119, to galibi rumbun 128 aka saka.

Tun 1998 hukumar IEC, mai daidaita ma'aunan fasahar lantarki a duniya, ta fitar da sunaye na musamman don babban ma'aunin, wato KiB da MiB da GiB, amma Windows ba ta ɗauke su ba. Apple ta koma lissafin dubu a 2009 da fitowar tsarin Mac mai suna Snow Leopard, don haka Mac da kwali bakinsu ɗaya. Ga inda abin ke shafar aiki: kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin megabait 750 a minti (megabit takwas ne megabait ɗaya), wato 45 GB a awa ɗaya da lissafin dubu. Mac za ta nuna fayil ɗin a matsayin 45 GB, a kwafe shi zuwa Windows sai ya koma 41.9 GB. Babu abin da ya ɓace a hanya. Mai shakka ya duba adadin bayit a ɓangarorin biyu, domin shi kaɗai ne lambar da kowace kwamfuta ta yarda da ita.

Lambar da tsarin fayil ke bayarwa

Ga tambaya ta biyu, wato nawa za a iya rubutawa yanzu, hanya mafi inganci a Windows ita ce mafi sauƙi. A buɗe This PC, a danna rumbun C da madannin dama, a zaɓi Properties. Layin Free space yana da lambobi biyu, doguwa da gajera. A ce gajerar ta nuna 42.0 GB, doguwar za ta kasance kusan 45,097,156,608. Doguwar ce abin dogaro. Da ita za a gane cewa wancan bidiyon na awa ɗaya mai bayit biliyan 45 zai shiga, amma da ƙyar, abin da zai rage bai kai megabait 100 ba, kuma barin rumbun C a haka neman matsala ne.

Dalilin ingancin wannan lamba shi ne ba tara fayiloli ake yi ba. NTFS, tsarin fayil ɗin da Windows ke tsara rumbu da shi, yana riƙe da taswirar duk gurabun rumbun, wane ne a cike, wane ne fanko, kuma daga nan ake ciro amsar. Ko fayil a ɓoye yake, ko ba ka da izinin ganinsa, gurbinsa yana cikin lissafi. Mai kula da kwamfutoci da yawa a ofis zai fi jin daɗin umarnin fsutil volume diskfree C: ko Get-Volume a PowerShell, amma daga tushe ɗaya suke ɗebowa, ba su fi Properties gaskiya ba.

Rauninta biyu ne. Ba ta faɗin abin da ya cinye wurin, kuma duk abin da rumbun ya gaya mata game da girmansa shi take maimaitawa, ko ƙarya ne. Za mu zo kan na biyun.

Tara girman foldodi

Wannan ita ce hanyar da mutane suka fi bi, ita ce kuma ta fi ɓatarwa. Mutum ya shiga C, ya zaɓi komai, ya duba Properties, ya ga 90 GB alhali rumbun ya ce an cinye 130, sai ya fara zargin bairos ko mai gyara. Lissafin ne ba zai taɓa daidaita ba, kuma ta fuskoki biyu yake kaucewa.

Yana yin ƙasa saboda akwai manyan abubuwan da ba ya gani. Fayil ɗin hiberfil.sys, inda Windows ke juye abin da ke cikin RAM, a Windows 10 da 11 yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na girman RAM ɗin, wato wajen 6.4 GB a kwamfuta mai 16 GB. Ga pagefile.sys da swapfile.sys. Ga foldar System Volume Information da ke riƙe da wuraren komawa na System Restore, wadda ko mai kwamfutar ba a ba shi izinin leƙa ta ba, sai da umarnin vssadmin list shadowstorage ake ganin girmanta. Tun fitowar 1903 ta Windows 10 a 2019 kuma ana keɓe wajen 7 GB don sabuntawa a kwamfutocin da aka girka wa Windows sabuwa fil. In akwai wasu masu amfani da kwamfutar, foldodinsu ma ba su shiga lissafin wanda ba shi da izini.

Yana kuma yin sama. Foldar WinSxS cike take da fayilolin da suke da suna a wuri biyu ko fiye amma jikinsu ɗaya ne a kan rumbun, sai Explorer ya ƙirga su sau biyu. Girmanta na gaskiya sai da Dism /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore. Kada kowa ya goge komai a cikinta da hannu, domin hakan na lalata sabuntawa, wani lokaci ma ya hana kwamfutar tashi. Haka fayilolin OneDrive masu alamar gajimare: Size zai nuna cikakken girma, Size on disk ya nuna sifili ko kusa da shi, don jikinsu yana intanet.

Bambancin Size da Size on disk ya cancanci a tsaya a kai, domin shi ke tantance ko kaya za su shiga inda za a kai su. Rumbu ba ya raba wuri bayit-bayit, gurbi-gurbi yake bayarwa, kuma fayil ko ƙarami ne sai ya mamaye gurbi guda cur. A NTFS gurbin yawanci 4 KB ne. A exFAT, tsarin fayil ɗin da ake yawan sa wa filash, in filash ya wuce 32 GB, Windows takan yanka gurbin 128 KB. A ɗauki ƙananan fayiloli 100,000, kowane 2 KB. Ainihin nauyinsu wajen 195 MB ne. A kan NTFS za su ci wajen 390 MB, a kan wancan filash ɗin kuwa sama da 12 GB. Mai shagon buga takardu a kasuwar UTC ta Area 10 a Abuja da ke kwashe tarin ƙananan fayilolin rubutu da tambura zai iya cin karo da wannan, mai manyan bidiyoyi kuwa ba zai ko lura ba. Maganinsa a dunƙule ƙananan cikin zip kafin a kwafa, ko a zaɓi ƙaramin Allocation unit size lokacin fomat.

Manhajojin da ke nuna wanda ya ci wurin

Ga tambaya ta uku akwai zaɓi uku da suka isa a kwatanta. Na cikin gida shi ne Settings, System, Storage. Ba sai an sauke komai ba, yana nuna Temporary files da Windows.old, kuma gogewa ta nan ba ta da haɗari sosai. Sai dai a lura da akwatin Downloads a jerin, kada a yi masa alama in akwai abin buƙata a ciki. Windows.old, wadda kan kai gigabait goma-sha ko ashirin-da, tana gogewa da kanta bayan kwana 10 da sabuntawa, kuma da zarar ta tafi babu komawa tsohuwar Windows. Raunin wannan shafi shi ne yakan jibge abubuwa da yawa ƙarƙashin Other ko System ba tare da bayani ba.

WinDirStat kyauta ce, lambar shirinta a buɗe take ga kowa, kuma tana zana kowane fayil a matsayin akwati mai launi gwargwadon girmansa. Tsohon salonta folda-folda yake bi, don haka a tsohon rumbu mai juyawa da ya cika sai an yi haƙuri na mintuna. WizTree kuwa kai tsaye take karanta babban kundin NTFS da ake kira MFT, shi ya sa take gamawa cikin daƙiƙoƙi. Kyauta ce ga amfanin kai, amma ofis ko shago sai da lasisi, kuma a kan filash mai exFAT ko FAT32 wannan saurin ba ya nan tunda babu MFT. A ganinmu mai gyara da ke karɓar laftof da yawa a rana WizTree ta fi masa, mai kwamfuta ɗaya da zai duba jefi-jefi kuwa kowace ta ishe shi.

Sharaɗi ɗaya ya hau kansu duka: a buɗe su da Run as administrator. In ba haka ba za su tsallake foldodin da aka kulle, a koma gidan jiya. A kuma duba ginshiƙin Allocated ko makamancinsa, ba Size kaɗai ba. Abin da aka fi samu in an yi wannan bincike ba hotuna ba ne, abubuwan da ke ɓoye a AppData ne: tarin ajiyar wucin gadi ta Premiere Pro, kwafin iPhone da iTunes ta ajiye a MobileSync, ko fayil ɗin .ost na Outlook da ya kumbura da wasiƙun shekaru.

Kafin a kashe hiberfil.sys da powercfg /h off a yi tunani. Wurin zai dawo nan take, amma Hibernate, mai ajiye aikin da ke buɗe kafin kwamfuta ta mutu, da Fast Startup, mai sa ta tashi da sauri, za su tafi tare. A garin da ake ɗauke wuta ba sanarwa, laftof mai raunin batir Hibernate ce ke cece ta daga asarar aikin da ke buɗe. A kwamfutar tebur mai SSD, wato rumbun zamani marar juyawa, kuwa kashewar ba ta da wata illa mai yawa.

Wurin da ba a yanka ba

Akwai lokacin da duk hanyoyin nan za su yi gaskiya amma rumbun ya fi abin da suke nunawa girma, domin su ɓangare suke aunawa, ba rumbun gaba ɗaya ba. A danna Windows da R, a rubuta diskmgmt.msc, shafin Disk Management zai buɗe. Nan za a ga ƙananan ɓangarori na dole, kamar na EFI mai wajen 100 MB da na farfaɗowa mai ɗaruruwan megabait, waɗanda ba a taɓawa. Abin nema shi ne baƙin layi mai rubutun Unallocated. Yakan bayyana in an kwafe Windows daga rumbun 256 zuwa na 512 ba a faɗaɗa C ba, sai rabin sabon rumbun ya zauna a banza. Extend Volume yana aiki ne kawai in fankon yana manne da ɓangaren ta dama, in ɓangaren farfaɗowa ya shiga tsakani zaɓin zai dushe. Haka rumbun 4 TB da aka tsara da tsohon salon yanka ɓangarori na MBR ba zai ba da fiye da 2,048 GB ba sai an mai da shi sabon salon GPT. Duk mai sayen laftof ta hannu ya buɗe wannan shafi tun a shago, bai kai aikin minti ɗaya ba.

Filash da memori: sai an rubuta an karanta

A nan ne duk abin da ya gabata ke gazawa. Filash ko katin memori na jabu ana sauya masa bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ne, ya riƙa cewa shi 128 GB ne ko 1 TB alhali 8 GB ne a ciki. Properties za ta yarda, Disk Management zai yarda, fomat ma ba ya tona asirinsa. Kwafa za ta tafi lafiya, sunayen fayiloli da girmansu duk su bayyana. Amma da an wuce ainihin girmansa, sabon kaya ko dai ya hau kan tsoho ya murƙushe shi, ko ya faɗa inda babu komai. Sai ranar da aka zo buɗe hotunan suna ko takardun makaranta a tarar ba sa buɗuwa, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a taɓa ajiyewa ba.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika shi taf a sake karantawa. H2testw, wadda mujallar kwamfuta ta c't ta Jamus ta fitar, haka take yi. A kwashe komai daga filash ɗin, a buɗe manhajar, a sauya harshe daga Jamusanci zuwa Turanci, a zaɓi filash ɗin ta Select target, a bar zaɓin all available space, a danna Write + Verify. Za ta jera fayiloli masu 1 GB kowane, masu ƙarshen .h2w, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau zai ƙare da Test finished without errors. Na jabu zai nuna adadin da ke OK da adadin DATA LOST, kuma na farkon shi ne girmansa na gaskiya. Filash 64 GB na gaske zai nuna ƙasa kaɗan da 59.6, wannan ba aibi ba ne. In an gama a goge fayilolin gwajin.

Kuɗin wannan tabbaci lokaci ne. Filash mai rubuta megabait 10 a daƙiƙa zai ɗauki wajen awa ɗaya da minti 47 kafin a cika 64 GB, ban da karantawa, don haka a yi shi da laftof mai cajin batir. ValiDrive ta Steve Gibson, wadda ta fito a 2023, tana tsallake-tsallake ne, ta gwada wurare ɗaiɗai daga farkon filash zuwa ƙarshensa, yawanci cikin 'yan mintuna. Ta isa kama ƙaryar girma, kuma ita ce ta dace da tsayuwa gaban kanta kafin a biya kuɗi. Ba ta gwada kowane gurbi, saboda haka katin da za a saka a kyamara ranar ɗaurin aure H2testw ya kamata a yi masa a gida. A Linux da Mac, f3write da f3read ne ke wannan aiki.

Wani abin da ke kama da ƙarewar wuri alhali ba shi ba ne: filash mai FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4 GB, ko da akwai fankon 25 GB. A kwashe kayan, a mai da shi exFAT, shi ke nan.

Mac da Linux

A Mac lambar Available da Finder ke nunawa ta haɗa da abin da ake kira purgeable, wato kayan da macOS ke ganin za ta iya sharewa in an matsu, kamar kwafin wucin gadi na Time Machine, manhajar adana kwafi ta Mac, da fayilolin da ke da kwafi a iCloud. Disk Utility yana ware adadinsa, umarnin df -H / a Terminal kuma yana ba da fankon da ke hannu yanzu. Wasu manhajojin ƙaramar lambar suke dubawa, shi ya sa Finder zai ce akwai 80 GB amma manhaja ta ƙi girkuwa. Mai fitar da babban bidiyo da ƙaramar lambar zai yi shiri. In an goge 50 GB wurin bai dawo ba, a duba tmutil listlocalsnapshots /, domin waɗannan kwafe-kwafen kan riƙe gurabun har awa 24. Tun zuwan APFS, tsarin fayil na Apple, a 2017 kuma, kwafin fayil a cikin rumbu ɗaya ba ya cin sabon wuri sai an sauya wani abu a cikinsa, don haka goge ɗaya daga cikin tagwayen ba ya 'yanta komai.

A Linux df ne ke tambayar tsarin fayil, du kuma ke tara fayiloli, kuma saɓaninsu kansa bayani ne. In df ya nuna Used da Avail ba su kai Size ba, kashi 5 cikin ɗari ne da tsarin fayil na ext4 ke keɓe wa root, wato babban mai izini, wajen 50 GB ke nan a rumbun 1 TB. A rumbun ajiyar kaya zalla ana iya rage shi da tune2fs -m 1, amma a bar na rumbun da tsarin ke kai. In df ya ce an cika amma du bai ga kayan ba, galibi an goge wani babban fayil ne alhali wata manhaja na riƙe da shi a buɗe. Umarnin lsof +L1 zai nuna ta, sake tayar da ita zai sako wurin. In kuma akwai fanko amma rubutu ya ƙi, a duba df -i, mai yiwuwa adadin fayilolin da ɓangaren zai iya ɗauka ne ya ƙare. A tuna df -h da 1,024 yake lissafi, df -H da 1,000. A kan tsarin fayil na Btrfs, wanda Linux ɗin Fedora ta mayar na asali tun 2020, btrfs filesystem usage / ya fi df bayani.

Ko an samu lambar da ta fi kowace daidai, ba duka ake cinyewa ba. Windows kan mai da layin rumbu ja in fankon ya yi ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, kuma gargaɗin yana da tushe: SSD yana buƙatar gurabu fanko don jujjuya bayanai kafin ya rubuta sabo, in ya cika sai saurin rubutunsa ya faɗi, musamman masu araha. A rumbun da Windows ke nuna 238 GB a bar aƙalla 24 zuwa 35 GB. Mai haɗa bidiyo ya ninka girman abin da zai fitar sau biyu kafin ya danna Export, domin manhajar na rubuta fayilolin wucin gadi a gefe yayin aiki, kuma galibi a kan C take zuba su ko da an ce ta ajiye sakamakon a wani rumbun.